Farin Zane a Kan Gora

Duk wanda ya tashi a unguwar da ke bayan filin 'yan gwangwan, in ka ce masa Baba Bula, kafin ya tuna fuskar mutumin sai ya tuna gora. Doguwar gora ce da aka kafa a kusurwar gidansa, ta ɗara rufin kowa tsayi, a kanta ake ɗaga wani farin zanen gado. Baƙo yakan ɗauka shanya aka manta. 'Yan unguwa kuwa, mace ba ta buɗe taga da safe sai ta leƙa ta ga ko zanen yana sama ko yana ƙasa.

Wanki da guga ne sana'arsa tun yana saurayi. Sunan Bula kuwa yatsunsa suka jawo masa, don shuɗin bular da ake sa wa fararen kaya ya riga ya zauna a gefen farcensa, ko da me ya wanke ba ya fita. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, mai saurin fushi da saurin hucewa. Girman kansa guda ɗaya ne tak: bai yarda akwai tabon da ya fi ƙarfinsa ba. Tawada, tsatsa, baƙin mai, jini, kowanne ya san makaminsa. Yakan ce, "Ba ni wuyan rigar mutum in gaya maka halinsa." Abin haushi, sau da yawa yana faɗar daidai.

Lokacin da ya kama gidan nan shi da matarsa, wadda kowa ke kira Inna tun kafin ta tsufa, babu gwangwan babu dalilinsa. Fili ne fetal mai ciyawa, daga ƙarshensa sai fadama, daga fadama sai daji. A kan ciyawar yake baza fararen kaya, rana ta yi masa rabin aikin. Da yamma su fito su biyu su kwashe. Zanen gado ba ya ninkuwa da mutum ɗaya. Dole wannan ya kama gefe wancan ya kama gefe, a ja, a kaɗa, sannan a tako a haɗu a tsakiya. Kullum suka haɗu sai Inna ta ce gefensa ya karkace. Kullum shi kuma sai ya ce idonta ne karkatacce, shi ya sa ta zaɓe shi. Har ya tsufa, in ya tuna wancan zamani, ƙamshin kayan da suka sha rana a kan ciyawa yake fara ji.

Abu ɗaya ne ke tsinka masa zuciya a duniya, shi ne ƙirjin Inna. Tana da ciwon fuka tun tana yarinya. In ya taso mata, numfashinta sai ya riƙa fita da wani siririn fito, ta dafa bango, ta kasa ko kiran sunansa. Bula, da ke iya yi wa babban mutum tsawa a kan biron da aka manta a aljihu, in ya ji wannan fiton sai ya saki abin da ke hannunsa ya ruga wajenta. Saboda ita ya fitar da teburin guga da gawayinsa can ƙofar gida, rani da damina a nan yake aiki, don kada ko warin garwashi ya shiga ɗakinta.

'Yan gwangwan ba su zo da ganga ba. Mota ɗaya ce ta fara juye matattun talabijin a bakin fili, aka ce na kwana biyu ne. Sai ga firji, sai ga kwamfutoci, sai batura, sai wayoyin lantarki tuli-tuli a cuɗe kamar hanji. Abin da suke nema jan ƙarfen da ke cikin wayoyin ne, kuma hanya mafi sauƙi ta raba shi da robar da ta lulluɓe shi ita ce wuta. Sai su tara, su jefa tsohuwar taya da soson firji, su kunna. Hayaƙin baƙi ne ƙirin, mai nauyi, mai ɗaci a maƙogwaro. In ya wuce yakan bar wasu 'yan ɗige-ɗige masu maiƙo, waɗanda ba sa kaɗewa kamar toka. Ka goga ɗaya da yatsa, sai ya ja layi.

Ranar da hayaƙin ya fara shiga unguwa da gaske, Inna ta wuni a zaune tana kokawa da numfashi, fararen kayan da ke kan igiya kuma suka koma kamar jikin zabo. Bula ya fito tsakar gida. Ya ciro riga ɗaya daga igiya, ya ratsa fili har gaban shugaban masu ƙona wayar, wani dogon matashi da ake kira Tagulla, ya miƙa masa.

"Ungo, sa," in ji Bula.

"Baba, ai ba tawa ba ce."

"Taka ce. Kai ka yi mata ado, kai za ka sa."

Samarin da ke wurin suka fashe da dariya. Tagulla bai yi ba. Ya jujjuya rigar a hannunsa, ya ce, "Baba, ba don mugunta muke yi ba. In ba mu ƙona ba, ba mu ci ba. Kai ka faɗa mana yadda za a yi."

Bula ya zo da shirin faɗa, sai aka tare shi da ladabi, ya rasa inda zai sauke fushinsa. Ya tsaya ya dubi sama. Mai wanki dai ko bai san komai ba ya san iska, don ita ce abokiyar aikinsa. A wurin nan kuwa hanya biyu ta sani. Ko ta taso daga fadama ta bi ta kan fili ta shiga unguwa, ko ta taso daga unguwa ta nufi fadama, inda babu kowa sai kwaɗi. Nan take suka ƙulla magana. In iska ta nufo gidaje, Bula zai ɗaga farin zane, babu mai kunna wuta. In ta juya wajen fadama, ya sauke, su ƙona abin da za su ƙona.

Inna ce ta ba da zanen, mafi kyau a cikin nata. Ta yi masa kalmasa, ta ɗinka masa igiya a kusurwa. Bula ya bi unguwa yana faɗar cewa saboda kayan mutane ya yi wannan dabara.

"Haka ne, Malam," in ji Inna. "Ni ma ai cikin kayan mutanen nake."

Daga nan aka shiga shekarun da har yau tsofaffin unguwar ke ba da labarinsu. Da sassafe Bula zai fito ya ɗaga ɗan hankici da yatsa biyu, ya ga inda ya karkata, ya yanke hukunci. In iska ta yi masa kwana da tsakar rana, sai ka gan shi ya yar da guga yana gudu da gajerun ƙafafunsa zuwa gindin gora. Sau ɗaya garin haka ya ƙona wuyan rigar wani, kuma har ya tsufa bai yarda laifinsa ne ba, na iska ne. In zane ya daɗe a sama, samari su riƙa ɗaga murya daga fili, "Baba, a taimaka a sauke mana." Shi kuma ya mayar musu, "Ku roƙi mai iskar." Wani baƙon yaro da ya taɓa kunna wuta zane yana sama, Tagulla da kansa ya sa shi ya kashe ta da yashi, ya kore shi daga filin. Samarin filin nan su suka gyara wa Inna fanka, su suka kawo wa Bula rediyon da ke yi masa hira a teburin guga. Babu takarda, babu hatimi. Fiton ƙirjin Inna ya zama baƙo mai zuwa jefi-jefi, ta yi ƙiba, ta raini 'ya'yanta har ta aurar da su, ciki har da 'yar ƙaramarsu, Auta.

Kada a ce hukuma ba ta zo ba. Ta zo, ba sau ɗaya ba. An kafa babban allo a bakin fili mai cewa an hana ƙona waya. Allon kuwa na ƙarfe ne, a filin 'yan gwangwan, sai ka ce an ba kura ajiyar nama. In zaɓe ya ƙarato, masu neman ƙuri'a su shigo unguwa su rantse za su tashi filin, su tsallaka fili su rantse wa ƙungiyar 'yan gwangwan babu mai taɓa su. Masu dubawa kuma labarin zuwansu yakan riga su isowa, su tarar da wuri a share, ko tartsatsi babu. Bula ya raina su matuƙa. Yakan ce dokarsu tana da ranar hutu, tasa ba ta da ita.

Amma in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, kuma kiɗan ya canza Bula bai lura ba, ko kuwa bai so ya lura ba. Tsohuwar unguwa ta riƙa zubewa gida-gida. Masu kuɗin gwangwan suka saye suka mayar ɗakunan ajiya, har ya zama saura 'yan tsofaffi ƙalilan da ba su da niyyar zuwa ko'ina. Can kuwa aka cike fadama da yashi, aka yanka fuloti, gidaje suka tsiro. Daga gindin gora Bula yana hango kwanon rufinsu yana ƙyalli. Yana hangowa, yana sauke zane kamar yadda ya saba, don a ransa har yanzu kwaɗi ne a wajen. Ko da Auta da mijinta suka kama ɗaki a can saboda araha, bai haɗa wannan da wancan ba. Ta haifi 'ya mace, 'yar mitsitsiya mai yawan wasa da miyau, Bula ya sa mata Kumfa.

Ya kafa doka cewa kayan Kumfa babu mai wanke su sai shi. Wata safiya Auta ta kawo su a ƙulle, ya zazzage a baho, ya ɗaga wata 'yar farar riga da ba ta fi tafin hannunsa biyu ba. A kafaɗarta akwai ɗige-ɗige. Ya sa yatsa ya goga ɗaya, ya ja layi.

"A ina kika shanya wannan?"

"A tsakar gida, Baba."

"Yarinyar tana tari?"

Auta ta dubi Inna da ke zaune a gefe. Inna ta dubi ƙasa. A nan ya gane su biyun sun daɗe da sani, shi kaɗai aka bari a duhu, kuma don tausayi aka bar shi. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba.

A kwanakin ne wata jami'a daga ofishin kula da muhalli take zagaya wurin da 'yar na'urar auna iska. Matashiya ce mai natsuwa, ba irin masu dubawar da ya saba gani ba. Ta ji labarin gorar, ta zo ta gaishe shi har ƙasa. Bula bai tsaya kwana-kwana ba, ya nuna mata rigar.

"Baba, dabararka ta yi aiki a lokacinta," in ji ta. "Amma yanzu iskar nan ba ta da inda za ta je da babu mutane. Kuma ƙananan yara sun fi cutuwa. Akwai dalma a hayaƙin, jikinsu yana shanye ta, ba ta fita da sauƙi."

"To ku da kuka sani, don me kuka bari aka gina gidaje a bakin wuta?"

"Ofishin da ke ba da fuloti daban, namu daban. Umarnin tashin filin yana nan a rubuce, hannu ake jira a sa. Mai sa hannun kuma yana jiran zaɓe ya wuce."

"In ya wuce fa?"

Ta yi ɗan murmushin da babu daɗi a cikinsa. "Sai a fara jiran na gaba, Baba."

Bula ya ɗaga zane ya bar shi a sama. Iska ta nufo gida, yana sama. Ta juya wajen su Kumfa, yana sama. Fili ya yi tsit, wayoyi suka taru har suka yi tsauni. Daga ƙarshe Tagulla ya tako da kansa. Shi ma yanzu furfura ta fito masa, kuma yana da nasa tarin da yake ɓoyewa a hannun riga. Ya tsuguna kusa da teburin guga.

"Baba, na san abin da ke ranka, ni ma ina da 'ya'ya. Amma yaran nan yunwa ta fara yi musu magana. Zanen da ba ya sauka ba doka ba ne, ado ne. Ko ka sauke gobe, ko su daina kallonsa. In kuwa suka daina, ni ma ba zan iya dawo da su ba. Sai su ƙona duk lokacin da suka ga dama, ku sha, su can ma su sha."

Gaba kura, baya sayaki. Bula ya wuni yana goge riga ɗaya.

Ran nan Inna ta yafa mayafi ta ce za ta zaga gaishe da maƙwabta. Ta bi 'yan tsofaffin da suka rage gida-gida, ta daɗe. Da ta dawo da yamma ta zauna a bakin ƙofa tana kallonsa yana kashe garwashi.

"Malam, ka juya shi."

"In juya me?"

"Zanen. In iska ta nufi wajen yara, ka ɗaga. In ta nufo mu, ka sauke. Na yi magana da kowa a layin nan, duk sun yarda. Mu nawa muka rage?"

"Kin san abin da kike faɗa kuwa? Ke da ko turare ba a kunnawa a ɗakinki?"

"Na sani."

"Su Auta su tashi, su nemi wani wurin."

"In sun tashi, sauran 'ya'yan mutane fa? Ko su ba su da kakanni?" Ta gyara zama. "Shekara da shekaru kana kore mini hayaƙi, Malam. Na sha iska mai kyau har na ƙoshi, na ga auren Auta, na goya jika. Yarinyar nan ko haƙori ba ta gama ba."

Bula ya yi faɗa kamar zai ari baki. Ya ce saboda wa ya kafa gorar tun farko? Ya ce muddin yana raye, hannunsa ba zai sauke zanen nan iska tana kallon ɗakinta ba. Inna ba ta sake cewa komai ba, ta tashi ta shiga ciki. Da ya san matarsa kamar yadda ya san wuyan riga, da wannan shirun ya tsorata shi.

Washegari ya ɗaga hankici, ya karkato wajen gida. Ya tabbatar zane yana sama, ya koma ƙofar gida ya hura gawayi. Yana tsakiyar guga ya ji ɗaci a maƙogwaro, ɗacin da ya yi shekaru bai ji a ƙofar gidansa ba. Ya saki dutsen guga ya zagaya da gudu.

Inna tana zaune a kan kujera a gindin gora, zanen yana kan cinyarta, igiyar tana hannunta. Samarin fili sun daɗe da daina kallon iska, zane kawai suke kallo. Suna ganin ya sauka suka kunna. Baƙin hayaƙi ya taso ya kwanto ta kan katanga, ɗige-ɗige sun fara sauka a kan farin zanen ɗaya bayan ɗaya.

"Ka ce hannunka ba zai sauke ba," in ji ta. "To ba hannunka ba ne."

Ya miƙa hannu zai karɓi igiyar. Ba ta riƙe da ƙarfi ba, da ya ja da ta saki. Ya ɗaga kai ya hango can wajen tsohuwar fadama, sama garau, rufin gidaje yana ƙyalli, wata mata tana shanya ƙananan kaya a igiya. Hannunsa ya tsaya.

"Zo ka kama mini," in ji Inna. "Ba ya ninkuwa da mutum ɗaya."

Ya kama gefe, ta miƙe ta kama gefe. Suka ja, suka kaɗa, suka tako. Da suka haɗu a tsakiya ya ji siririn fiton nan a ƙirjinta, kusa da kunnensa, idonsa ya cika. Ta karɓi kusurwoyin daga yatsunsa, ta duba, ta ce gefensa ya karkace. Ya buɗe baki zai ba ta amsar da ya saba, ya kasa.

Daga ranar doka ta juya. Bula ya riƙa ɗaga wani zanen, na wani da ya kawo wanki bai dawo karɓa ba. Ranakun wuta Auta takan zo ta tafi da Inna gidanta, amma in Inna ta dawo, hayaƙin yakan jira ta a labule da matashin kai. Inna ba ta ga damina ta biyu ba. Filin kuwa an tashe shi daga baya, lokacin da wani mai hali ya ga wurin ya dace da rukunin shaguna. A 'yan kwanaki aka sa hannun da aka yi shekaru ana jira.

Kumfa ta girma, tana tsere da sa'o'inta ba ta haki. Bula ya daina wanki, hannu ya ƙi, amma har yanzu da sassafe yakan fito ya ɗaga hankici, ya ga inda ya karkata, ya mayar aljihu. Zanen Inna yana ƙarƙashin matashinsa, a ninkin da suka yi masa ran nan, gefe ɗaya ya ɗara ɗaya. Wata rana Auta tana gyara masa gado ta ciro shi, ta ga ɗige-ɗigen.

"Baba, bari in jiƙa maka wannan. Da ɗan sabulu da bula zai fita."

Ya karɓe shi a hankali da hannu biyu, ya mayar inda yake.

"Bar shi, Auta," in ji shi. "Wannan tabon ya fi ƙarfina."